Ƙetaren Nilu a Jirgin Fito na Luksor

Mun iso Luksor da sanyin asuba a jirgin ƙasan da ya taso daga Alƙahira bayan sallar isha'i, ni da ɗan ƙanena wanda yake karatun Shari'a a Azhar, bayan mun kwana muna bin gaɓar Nilu muna nausawa kudu har kusan kilomita 670, ba mu ga kome a hanya ba sai fitilun ƙauyuka da inuwar dabinai. Asalin abin da ya kai ni Masar shi ne in duba yaron in ga halin da yake ciki, amma da yake zuwana ya dace da hutun tsakiyar shekara, sai ya matsa mini lamba a kan lalle in ga kudancin ƙasar, wanda mutanenta suke kira Sa'id, kafin in koma gida. Na daɗe ina ja da baya, domin ni mutum ne da ya tashi a zauren da kalmar fir'auna ta zama sunan kowane azzalumi, kuma ban ga abin da zai kai dattijo kallon gumaka da kufan mutanen da suka yi girman kai a bayan ƙasa ba. Abin da ya karya mini gwiwar gardama shi ne tunawa da wani malaminmu, Allah Ya jiƙansa, wanda ya kan ce shiga kufan mutanen da suka shuɗe yana da ladabinsa, a shiga da i'itibari da tsoron Allah, kada a shiga da wasa da annashuwa, kuma wanda ya kiyaye wannan ladabi ba zai fito hannu wofi ba.

Larabawa suna kiran garin Al-Uƙsur, wato fadoji ko manyan gine-gine, saboda abin da suka tarar a tsaye sa'ad da suka zo, kuma a nan ne tsohon birnin da Yunanawa suka kira Tibis yake, wanda ya daɗe yana cibiyar mulki da bauta a zamanin da daular Masar ta kai ƙololuwarta. Kogin ya raba wurin biyu. A gabas garin yake, da kasuwanninsa da tasharsa da manyan haikalai biyu, na Luksor da na Karnak. A yamma kuwa, bayan wani shimfiɗaɗɗen fili na gonaki, duwatsu ne jajaye waɗanda aka fafe cikinsu aka binne sarakuna, a gindinsu kuma aka jera haikalan da kowane sarki ya gina domin a riƙa tunawa da shi bayan mutuwarsa. Mutanen dā sun ga rana tana faɗuwa ta can kullum, sai suka riƙi yamma a matsayin ƙasar matattu, kuma har yau masu yi wa baƙi jagora da wannan magana suke buɗe baki.

Da muka sauke kaya a masauki muka yi kalaci, sai muka gangara bakin kogi wajen ƙarfe bakwai, nan da nan masu ƙananan jiragen inji, waɗanda suke kira lanshi, suka yi mana caa, kowa yana nuna nasa da aka ƙawata da tutoci da matasai, yana cewa cikin minti biyar zai ajiye mu a ƙetare. Yaron ya sallame su da Larabcinsu na kasuwa, ya juyo ya ce mini, “Baffa, mu bi na mutanen gari, shi suke kira ma'addiyya, kuɗinsa kaɗan ne, kuma za ka ga abin da ba za ka gani a waɗannan ba.” Muka sauka wasu matakala kusa da haikalin Luksor, muka biya kuɗin fito wajen wani mutum da ke zaune a bakin teburi, na baƙo ya ɗara na ɗan ƙasa amma duk da haka bai kai kuɗin shayi biyu ba, muka taka wani faffaɗan ƙarfe muka shiga.

Jirgi ne mai hawa biyu, na ƙarfe, fentinsa ya koɗe, bencinansa sun yi santsi saboda zama, ba ya kuma hutawa dare da rana sai gwargwadon abin da zai sauke mutane ya ɗebi wasu. Wanda ya fara isowa daga yamma muna tsaye ya zo a cike maƙil, har na tsaya ina kallon masu fitowa: 'yan makaranta da jakunkunansu, ma'aikatan ofis, mata cikin baƙaƙen mayafai ɗauke da kwandunan tumatir da ɗanyen ganye a ka, wani saurayi rungume da tsohuwa da alama asibiti zai kai ta, wani da kejin tantabaru, wani yana tura babur, da dattawa masu manyan jallabiyoyi da fararen rawuna waɗanda, in ba don harshe ba, da na ce daga wata kasuwar ƙauye ta ƙasarmu suka fito. Waɗannan duka daga ƙasar matattun nan suka kwana, can gidajensu da gonakinsu da masallatansu suke, kuma wannan ne abu na farko da jirgin ya gyara mini a cikin abin da na zo da shi a ka. An gina gada a kudu da garin a ƙarshen shekarun 1990, manyan motocin masu yawon buɗe ido ta can suke zagayawa, amma talaka wanda aikinsa yake daura da gidansa, kogi kawai ya raba, ba shi da lokacin zagaye, saboda haka jirgin fito bai rasa jama'arsa ba.

Muka hau bene muka zauna ta gefen da ke duban yamma. Sanyin hunturu yana busowa daga ruwa, hazo mai laushi ya kwanta a kan gonaki, sama da duwatsun kuma ga manyan balan-balan masu ɗaukar mutane suna saukowa ɗaya bayan ɗaya, domin da hudowar rana suke tashi. Ruwan kogin a nan shiru yake tafiya, kore-kore, ba shi da jan laka irin na kogunanmu da damina, dalili kuwa shi ne tun da aka kammala babbar madatsar Aswan a 1970 lakar da ke gangarowa daga tsaunukan Habasha a bayan madatsar take kwanciya, ambaliyar shekara-shekara wadda ta ciyar da Masar dubban shekaru kuma ta ɗauke.

Kusa da ni wani mutum ne ya zauna, zai yi shekara sittin, da ƙullin abinci a cinyarsa. Hannuwansa na fara lura da su tun kafin fuskarsa, saboda farar ƙura ta shiga tsagogin fatarsu ta zauna yadda wanki ba ya fitar da ita, farcen babban yatsansa na hagu ya rabu biyu ya warke a haka, tafin kuma ya yi kanta kamar bayan kunkuru. Ya yi mini sallama, ya tambayi ƙasata, da na ce Nijeriya sai ya sa hannu a ƙirji ya yi mini maraba, ya kwance ƙullinsa ya gutsuro mini wata gurasa mai kauri wadda suke kira aish shamsi, domin a rana ake shanya ƙullinta ya kumbura kafin a gasa. Ya ce shi magini ne, cikin masu gyaran tsofaffin gine-gine yake aiki, mahaifinsa kuma kwandon ƙasa ya ɗauka wa masu tono har ya tsufa. Da yaron ya gaya masa wuraren da muke nufi, sai ya girgiza kai ya ce, “Ya Hajji, kowa wajen sarakuna yake gudu. Ku ga sarakunan, ba laifi, amma kada ku koma ba ku je Dairul Madina ba, can mutanenmu suke.” Ban fahimci abin da yake nufi da mutanensu ba sai bayan azahar. Kafin in ƙara tambayarsa jirgin ya bugi tayoyin da aka ɗaure a jikin matsaya, domin duk ƙetaren bai fi minti goma ba, ya ɗaure ƙullinsa ya shige cikin jama'a.

Daga matsayar muka shiga wata ƙaramar motar haya ta mutanen ƙauye, muka ratsa gonakin rake, lokacin kuwa na sara ne, amalanken jakuna da taraktoci sun cika hanya da kaya. Ba mu yi nisa ba sai ga gumaka biyu zaune a gefen titi, kowanne tsayinsa ya kai mita 18, fuskokinsu sun goge, hannuwansu a kan gwiwa. Siffar sarki Amenhotab na Uku ce, wanda ya yi mulki kusan shekara 1,400 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam, kuma a dā ƙofar haikalinsa suke tsaro, haikalin da ambaliya da girgizar ƙasa da masu ɗibar dutse suka cinye har ya kusa ɓacewa. Ɗaya daga cikinsu ya tsage a wata girgizar ƙasa, ya riƙa fitar da wani sauti da safe, har Rumawa suka riƙa zuwa saurare suna rubuta sunayensu a ƙafafunsa, cikinsu har da tawagar sarkinsu Hadriyan a shekara ta 130. Da aka gyara tsagar sai sautin ya ɗauke. Mun tsaya kaɗan muka wuce. Haka ma haikalin Hatshabsut, macen da ta hau gadon sarauta ta mulki Masar wajen shekara ashirin, wanda aka gina hawa uku a jikin dutse, mun ga zanen jiragen da ta aika ƙasar Funt suka komo da itatuwan turare, mun ga wuraren da aka bi aka kankare siffarta bayan mutuwarta, amma cunkoson baƙi bai bar mu mun natsu ba.

A Madinat Habu ne na fara samun natsuwa, domin ba kowa yake kaiwa can ba. Haikalin Ramsis na Uku ne, an kewaye shi da ganuwar tubali mai kauri, ƙofarsa kuma an yi ta kamar ta sansanin yaƙi. A jikin bangayensa an sassaƙa yaƙe-yaƙensa da mutanen Libiya da wasu al'ummu da suka zo ta teku, har da faɗan da aka yi a kan ruwa, jirage suna kifewa mutane suna zubowa. A wani wuri kuma ga magatakarda a tsaye suna ƙidayar hannayen da aka yanke wa waɗanda aka kashe, an tara su tsibi, ana rubuta adadi. Na daɗe a gaban wannan tsibin hannaye zuciyata tana ƙuna, domin wanda ya sa aka zana shi alfahari yake yi, yana so duk wanda ya zo bayansa ya gani. Rubutun sunansa kuwa an nutsa shi cikin dutse da zurfin da na sa hannuna a ɗaya daga cikin haruffan ya shige har wuyan hannu, kuma masana suna cewa ya yi haka ne don kada wani sarki ya zo ya goge ya sa nasa, kamar yadda suka saba yi wa juna. Duk da wannan tsaro, a cikin gidansa aka ƙulla masa makirci, wata daga cikin matansa tana neman sarauta ga ɗanta, kuma binciken da likitoci suka yi wa gawarsa da na'ura, wanda aka bayyana a 2012, ya nuna an yanke masa maƙogwaro.

Amma da na ɗaga kai a farfajiya ta biyu na ga rufin baranda, inda shuɗi da ja da rawaya suke nan da haskensu bayan shekara fiye da 3,000, sai wani tunani dabam ya shigo mini, wanda ban zo da shi ba. Sarkin bai riƙe guduma ba, bai niƙa shuɗin nan ba, bai kwanta rigingine a kan dandamali yana zana fikafikan ungulu gashi bayan gashi ba. Wani ne ya yi, mai hannu irin na maƙwabcina na jirgi, wanda ya fito da safe da gurasarsa a ƙulle, kuma ba a rubuta sunansa a ko'ina a bangon ba. Na ga cewa shekara da shekaru ina haɗa azzalumi da wanda aka sa aiki a cikin kalma ɗaya, ina ƙyamarsu tare, alhali shari'ar da aka karantar da mu ba ta ɗora wa wani laifin wani. Ban sassauta ko kaɗan a kan shirkar da aka gina wurin dominta ba, ko girman kan wanda ya sa aka gina, amma aikin hannun da ke gabana aikin ƙwarai ne, kuma rashin adalci ne in ƙi faɗar haka.

Muka yi sallar azahar a wani ƙaramin masallaci na ƙauyen da ke daura da haikalin, muka sha zoɓo mai ɗumi, wanda su suke kira karkade, sa'an nan muka nufi inda maginin ya aike mu. Dairul Madina wani ɗan kwari ne tsakanin tsaunuka, babu itace babu ruwa, a cikinsa kuwa ga kufan ƙauye a shimfiɗe kamar an buɗe littafi: gidaje wajen 70 manne da juna, titi ɗaya siriri ya ratsa tsakiyarsu, katangun sun tsaya iya ƙugu ko ƙirji, ana ganin zaure da ɗakin tsakiya da madafa da matakalar hawa soro. Nan ne masu fafe kaburburan sarakuna da masu zane da masu sassaƙa suka zauna da iyalansu wajen shekara 400, ɗa yana gadon uba. Ruwan shansu a bayan jakuna ake kawo musu shi daga kwarin Nilu. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne an raba ƙungiyarsu gida biyu, ɓangaren dama da ɓangaren hagu, kowanne da shugabansa, kamar yadda ake raba matuƙan jirgin ruwa, domin mutanen da kogi ya raina ko a cikin dutse suke aiki da tsarin jirgi suke tunani.

Dalilin da ya sa aka san su fiye da yadda aka san talakawan kowace tsohuwar al'umma shi ne da yawansu sun iya rubutu, kuma da yake takardar bardi tana da tsada, sai suka riƙa rubuta al'amuransu na yau da kullum a kan tsingaro da ɓallin farin dutse, suna zubarwa. Wani Bafaranshe mai suna Bernard Bruyère, wanda ya yi tono a wurin daga 1922 zuwa 1951, ya tarar da dubbansu a wani babban rami a gefen ƙauyen. A cikinsu akwai takardun bashi, da ƙarar wanda ya ari jaki bai mayar ba, da wasiƙun uba ga ɗa, da rabon gado. Akwai wani guda a wani gidan tarihi da ke Landan wanda rajistar fashin aiki ce ta shekara ta 40 ta mulkin Ramsis na Biyu, an jera sunan kowane ma'aikaci da uzurinsa: wane ba shi da lafiya, wane kunama ta harbe shi, wane yana jinyar mahaifiyarsa, wane yana shirya gawar ɗan'uwansa. Da yaron yake fassara mini wannan bayani sai na ji kamar ana karanta mini uzuran mutanen unguwarmu. Albashinsu hatsi ne, kowane wata buhu huɗu na wata irin alkama da buhu ɗaya da rabi na sha'ir ga ma'aikaci guda, ban da kifi da ganye da mai da itacen wuta.

A shekara ta 29 ta mulkin Ramsis na Uku, shi dai mai tsibin hannayen nan, hatsin ya daina zuwa a kan kari. Suka yi haƙuri, magatakardansu Amennakht ya je ya karɓo musu wani abu daga rumbun wani haikali, aka sake yin jinkiri, har ranar da suka ajiye kayan aiki suka wuce wuraren tsaron da aka kewaye su da su, suka je suka zauna a bayan ɗaya daga cikin haikalan sarakuna, suka ƙi tashi. Manya suka zo suna lallashi, suka amsa cewa yunwa da ƙishirwa ne suka fito da su, ba su da tufafi ba su da mai ba su da kifi, a kai maganarsu ga sarki da waziri. Aka ba su na watan da ya wuce, suka koma, da aka sake saɓa musu suka sake fitowa. Takardar da aka rubuta wannan labari tana birnin Turin na Italiya, kuma masana tarihi suna lissafa shi a matsayin yajin aiki mafi daɗewa da aka samu a rubuce. Na zauna a kan wata guntuwar katanga ina juya al'amarin, ina tuna irin tsananin da malaman fiƙihu suka yi a babin ijara game da jinkirta haƙƙin ɗan ƙwadago, da kuma ma'aikata da 'yan fansho nawa na sani a gida waɗanda suke ƙirga watanni. A bangon Madinat Habu babu ko harafi ɗaya game da wannan yunwa, alhali tsakanin wuraren biyu tafiyar ƙafa ce ta ɗan lokaci.

Kafin mu bar kwarin muka sauka kabarin ɗaya daga cikinsu mai suna Sennajam, wanda aka gano a 1886. Matakala ce mai tsauri, ɗakin kuma ƙarami ne, mutum shida sun cika shi, amma launinsa kamar jiya aka shafa. A bangon ƙarshe ya sa an zana abin da yake fata bayan mutuwa, ga shi nan da matarsa cikin fararen tufafi, yana huɗa da shanu biyu tana bin sa tana yafa iri, ga su suna girbi, ga dabinai da 'ya'ya sun nuna, ruwa kuma ya kewaye gonar ta kowane gefe. Aƙidarsa ba tawa ba ce, Allah Shi ne masanin makomar bayinSa, amma na tsaya a gaban wannan bango fiye da yadda na tsaya a gaban kowane sarki, domin mutumin da ya ƙare rayuwarsa a kwarin da ko ciyawa ba ta fita, iyakar burinsa gona ce da ruwa da matarsa a gefensa.

A hanyar komowa muka biya ta haikalin Ramsis na Biyu, inda wani gunkinsa da aka ƙiyasta nauyinsa ya kai tan 1,000 yake kwance a farfashe. Ni kuwa abin da ya ja ni yana bayan haikalin, wato rumbunan hatsi, dogayen ɗakuna jere da juna waɗanda aka rufe da bakan gizo na tubalin laka zalla, babu azara babu ƙarfe, an jingina kowane layi a jikin na bayansa har ya haɗe a sama, kuma da yawansu suna tsaye har yau. Duk wanda ya taɓa ganin maginan Kano ko Zariya suna ɗaurin guga zai tsaya a nan ya yi shiru. Su ma tub suke kiran tubalin, har kunnena ya ji kamar a gida. A ƙofar wannan haikali ma ma'aikatan nan sun zo sun zauna a lokacin yajinsu, saboda sun san inda hatsin yake. Daga nan ana hango tudun Ƙurna, inda mutane suka zauna a kan kaburbura tsawon zamani har hukuma ta tashe su ta rushe yawancin gidajen daga 2006, aka bar kaɗan. A ƙauyukan da ke kewaye kuwa har yanzu ana ganin al'adarsu ta zana Ka'aba da jirgin sama ko na ruwa a bangon gidan wanda ya sauke farali.

La'asar sakaliya muka komo matsaya, wannan karon mu ne muke tafiya saɓanin jama'a, domin jirgin da ya iso daga gabas shi ne cikakke, ya dawo da mutanen da muka gani da safe, kwandunan sun zama wofi, 'yan makarantar sun yi laushi. Na duba ko zan ga maginin a cikin masu shiga tare da mu, ban gan shi ba. Rana ta sauka a bayan duwatsun, kogin ya yi ja, jiragen faluka masu manyan fararen ƙyallaye suna yawo da baƙi a tsakiyar ruwa, gabanmu kuma haikalin Luksor yana ƙara girma, da dogon ginshiƙinsa mai tsini guda ɗaya a bakin ƙofa, ɗan'uwansa kuwa Muhammadu Ali Basha ya ba Faransa kyauta, aka kafa shi a birnin Faris a 1836. Daga tsakiyar ginshiƙan haikalin sai ga hasumiyar masallaci ta ɗago, muna tsakiyar kogi aka fara kiran magariba.

Masallacin Shehu Yusuf Abul Hajjaj ne, wanda ya rasu a shekara ta 642 bayan Hijira, wato 1244. A lokacin da aka gina shi ƙasa da tarkacen zamunna sun binne haikalin har kusan wuyan ginshiƙai, mutane suna zaune a kai da gidajensu, saboda haka da aka fara kwashe ƙasar a shekarun 1880 sai masallacin ya rage a sama, tsohuwar ƙofarsa tana buɗewa ga sarari, dole aka yi masa wata mashiga ta wajen gari. Ibn Baɗɗuɗa ya biyo ta nan a 1326 a kan hanyarsa ta neman ƙetarawa Hijaz ta tashar Aizab, ya ambaci kabarin wannan shehi, shi ne kuma matafiyin da daga baya ya kai Takedda ta ƙasar Azbin har ya ambaci Gobir. A watan Sha'aban mutanen gari suna yin maulidin shehin, suna ɗora jiragen ruwa a kan amalanke suna zagaya gari da su, kuma masana da yawa suna ganin a cikin wannan akwai saura daga wani tsohon biki da ake ɗauko jirage daga Karnak zuwa wannan haikali a lokacin ambaliya.

Muka hau matakala muka yi alwala muka shiga sahu. Inda na tsaya, kafaɗata ta dama tana gogar kan wani ginshiƙi na zamanin Ramsis wanda ginin masallacin ya haɗiye, bayan an sallame kuwa na shafa shi na ji sawun kurfi a jikinsa, layi-layi, kowane bugu da inda ya tsaya. Na yi addu'a ga iyayena da malamaina, na sa da maginin da ya ba ni gurasa. Da muka fito duhu ya fara, muka gangara bakin kogi muka tsaya, jirgin fito ya kunna fitilunsa ya ɗebi wani cikin na masu komawa gida yamma. Yaron ya ce, “Baffa, gobe sai Karnak, ginshiƙai 134 ne a zaure ɗaya, sai ka gani da idonka.” Na ce masa za mu je in Allah Ya yarda, amma da la'asar, da safe ina so mu sake ƙetarawa, akwai gidajen da ban shiga ba a Dairul Madina, kuma ya nemo mana gurasa da za mu riƙe a hannu ko za mu dace da maginin a jirgin ƙarfe bakwai.